Kofunan da Aka Wanke Sau Biyu

A layinsu Mai Guga ake ce mata, a majami'a kuwa Mama Mai Kofuna. Duka biyun tana amsawa da fara'a, don da guminta ta same su. Wanki da guga ne suka ciyar da ita da 'yarta tun ranar da mota ta zame daga kan jak ta danne mijinta a garejin da yake aiki, ya bar ta da yarinya 'yar shekara huɗu da ɗaki ɗaya mai yoyo ta wajen taga. Kofuna kuwa aikin Allah ne. Ba a biyanta, kuma da wani zai yi gangancin cewa zai biya ta, da ranar ya ji bakinta.

Lahadin farko ta kowane wata ikilisiyarsu na cin Jibin Ubangiji, wato gutsuren gurasa da ɗan ruwan inabi da ake rabawa don tunawa da mutuwar Almasihu. Kowa da ɗan kofinsa na gilashi, wanda bai fi kan babban yatsa ba. Shekara ashirin da shida Mama ke wanke kofunan nan. Ranar Asabar da hantsi takan shiga ɗan ɗakin da ke bayan majami'a, inda akwai famfo ɗaya da kabad da tsofaffin rigunan mawaƙa a rataye. Ruwa uku take yi: na sabulu, na ɗumi, na sanyi. Sai ta goge kowane kofi da farin ƙyalle, ta ɗaga shi wajen taga ta ƙare masa kallo, ta kife shi a kan tire. Kullum a kife, saboda ƙura da ƙananan ƙwari. Ta rufe da ƙyalle, ta kulle kabad, ta ƙulle mabuɗin a bakin ɗankwalinta. Ranar Lahadi da sassafe ta buɗe wa dattawan ikilisiya, su zuba ruwan inabin, bayan an tashi ta bi benci-benci ta tattara.

Game da wahala, Mama na da karatunta, kuma ba a aji ta yi shi ba. Takan ce Allah bai yi wa kowa alkawarin hanya mai kwalta ba, abin da ya ce shi ne ba zai bar ka kai kaɗai a kanta ba. Takan ce Almasihun da take bi ma da ƙusa a hannu ya tafi, to ita wace ce da za ta ce sai an shimfiɗa mata katifa? Gaskiya ba mace ce mai laushin baki ba. Idan ta je gaisuwar rasuwa takan faɗi waɗannan maganganu tun kafin masu makoki su gama share hawaye, har wasu su riƙa hararar ta ta gefen ido. Amma ba wanda ya isa ya ce da baki kawai take yi, don kowa ya ga yadda ta binne miji ta koma bakin baho kafin sati ya zagayo.

Ƙawa ɗaya gare ta, wata nas da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Sista. Shekara ashirin suna zama kafaɗa da kafaɗa a benci na uku. Kowace Laraba da la'asar Sista kan zo ɗakin Mama, su ja labule, su durƙusa a gaban gado su yi addu'a tare, bayan nan su sha shayi su taɓa gulmar mawaƙa kaɗan, su roƙi gafara a kan gulmar, su rabu. Sista na ce mata Yaya, don ta girme ta da shekara uku. Abin da Mama ba ta gaya wa 'yar cikinta ba, Sista ta san shi.

Tana da shekara sittin da ɗaya ciwon ya fara. Da farko ƙaiƙayi ne tsakanin yatsu. Daga nan fatar hannuwan ta bushe, ta tsattsage, ta yi jawur, tana ɓamɓarewa kamar ɓawon albasa. Sista ce ta kama ta suka je wurin likitan fata, kuma tana zaune a ɗakin lokacin da ya yi bayani. Ya ce sabulu da bilic na shekara talatin ne suka cinye fatar, ba zai warke sarai ba, amma ba ya kama kowa, ko da an ci abinci a kwano ɗaya. Ya rubuta man shafawa.

Masu kawo wanki ba su tsaya jin ta bakin likita ba. Ɗaya ta ce sun sayi injin wanki, ɗaya ta ce mijinta ya koma sa kayan da ba sa son guga, wata ma hanya ta canza gaba ɗaya. Mama ta bar wankin, ta riƙe gugar 'yan gidajen da suka rage. Abin ya yi mata ciwo, amma irin ciwon da ta san hanyarsa ne. Ta ce wa Sista, "Wannan gicciyena ne, kuma ai bai kai na Almasihu nauyi ba." Kofuna kam ba ta fasa ba. Tana wanke su ruwan na shiga tsagun hannunta kamar allura, tana cije leɓe tana rera waƙa.

Nan fa ikilisiya ta gano tana da jaruma. Fasto, wani matashi mai murya da son misali, ya yi wa'azi guda a kanta. Ya sa ta miƙe tsaye, ya ce a dubi wannan uwa, hannu na jini tana hidima, ba ta taɓa gunaguni ba. Aka tafa. Zumuntar mata ta ba ta agogon bango da aka rubuta wa Jarumar Bangaskiya da ruwan zinariya. Mama ta ce duk wannan ɓata lokaci ne, amma ta kafa ƙusa ta rataye shi daidai inda duk mai shigowa zai gani.

Wata na gaba, da ta buɗe kabad ranar Lahadi, ta tarar da kofunan bakinsu a sama, da ɗigon ruwa a cikin wasu. Ta tsaya tana kallonsu. Ita da ta kife kofi shekara ashirin da shida? Ta ce ƙila gajiya ce. Wata na biye ma haka ta tarar, sai gabanta ya faɗi, don mabuɗi ɗaya ne kuma a ɗankwalinta yake kwana.

Akwai abin da Mama ke tsoro fiye da mutuwa. Mahaifiyarta a ƙarshen rayuwarta ta manta komai, har sunan 'ya'yanta, takan fita ba takalmi a tsinto ta a bakin titi tana neman gidan da aka rushe tun tuni. Kuma da irin waɗannan ƙananan abubuwa ta fara.

Ranar Laraba ta gaya wa Sista. Sista ta kama kafaɗarta ta ce, "Haba Yaya, shekaru ne fa. Ni ma shekaranjiya na birkice gida ina neman tabarau, ashe yana kaina. Ki kwantar da hankalinki, mu sa a addu'a." Suka durƙusa. Sista ta yi addu'a mai tsawo, mai daɗi, ta roƙi Allah ya riƙe hankalin baiwarsa, ya dawo mata da tunaninta. Mama na amsawa da amin tana kuka.

Watan da ya biyo ta tarar da kofunan a kife, tsaf. Ta durƙusa a gaban kabad ta yi godiya. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Ƙyallen da ta ninke huɗu sai ta same shi a ninke biyu. Tiren da ta ajiye a sama sai ta gan shi a ƙasa. Ta daina yarda da kanta. Takan kai bakin titi ta koma gida har sau uku ta duba ko ta cire dutsen guga daga wuta. Gidan haya ne mai ɗakuna tara, cike da 'ya'yan mutane, ta riƙa ganin ranar da za ta manta ta babbake su. Wata safiya ta kira maƙwabciyarta ta ba ta teburin gugar da dutsen kyauta, ta sallami sauran masu kawo kaya. Ta buga wa 'yarta waya, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta gaya mata gaskiya. 'Yar ta fashe da kuka ta ce, "Mama, ƙarshen shekara zan zo in ɗauke ki, kada ki ce a'a." Ba ta ce a'a ba. Ta je ta shaida wa mai gida ya nemi wani ɗan haya, ɗakin da ta yi shekara talatin da biyar a ciki.

Duk wannan ta ɗauke shi yadda ta saba ɗaukar kaya. Ta ce idan hankalin ma Allah zai karɓa, ai shi ya bayar. Roƙonta ɗaya ne, kada ta manta sunansa.

Wata Asabar ta gama wanke kofuna, ta kai har tashar bas, sai shakkar nan ta sake kama ta: ta kulle kabad ko ba ta kulle ba? Ta juya. Baba Maigadi na zaune a ƙofar majami'a, da ya hango ta sai ya miƙe zumbur ya sha gabanta yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Mama, kun yi mantuwa ne? Ku zauna a inuwa in ɗauko muku."

"Tun yaushe ka fara yi mini aike? Matsa in wuce."

Tun daga baranda ta ji ƙarar ruwa da warin maganin nan da ake wanke ɗakunan asibiti da shi. Wani na rera waƙar da ita ma take rerawa. Ta tura ƙofa. Sista ce a bakin famfo, da safar roba har gwiwar hannu, tana tsamo kofuna daga roba mai tururi. Kabad a buɗe, wani sabon mabuɗi na sheƙi a jikin ƙofarsa.

Kofi ɗaya ya suɓuce wa Sista ya koma cikin ruwa.

"Yaya..."

"Me kike yi?"

"Ki zauna in yi miki bayani."

"A tsaye zan ji."

Sista ta cire safa ɗaya, ta rasa inda za ta ajiye ta. Ta ce mutane ne suka fara ƙorafi. Wasu sun daina cin Jibi, wasu sukan karɓi kofi su ajiye. Dattawa suka zauna da Fasto, aka ce ba za a iya karɓe aikin daga hannun Mama ba, zai karya mata zuciya. Sai aka yanke shawara a bar ta ta wanke, idan ta tafi a sake. "Don ke muka yi, Yaya. Allah ya sani don kada ranki ya ɓaci ne."

"Kina wurin da likita ya yi magana."

"Ina wurin."

"Ke nas ce. Kin san ba ya kama kowa."

"Na sani. Amma mutane ba su sani ba."

"Kin gaya musu?"

Sista ta sunkuyar da kai. Famfo na ta zuba, ba wadda ta kashe.

"Yaushe aka yanko wannan mabuɗin?"

"Satin da... satin da aka ba ki agogo."

Mama ta gyaɗa kai. Sai wani abu ya faɗo mata a rai.

"Ranar da na yi miki kuka, na ce hankalina na tafiya kamar na uwata. Kin san ke ce kika juya kofunan."

"Na tsorata ne. An ce kada in faɗa."

"Kika durƙusa a gaban gadona. Kika kira sunan Allah. Kika roƙe shi ya gyara abin da kika san ba abin da ya same shi. Wata na gaba kika koyi kifewa, ni kuma na zo nan na durƙusa ina godiya an amsa addu'a." Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa-ƙasa take fita. "Na ba da teburina. Na saki ɗakina. Kowace Laraba ina gaya miki, kina shan shayina kina cewa Allah zai yi."

Sista ta fara kuka, ta miƙo hannu. Hannun da ke cikin safa ne. Su biyun suka kalle shi, ta janye.

Mama ba ta shiga bas ba, da ƙafa ta taka har gida cikin rana. Ta zauna a bakin gado tana kallon wurin da teburin guga yake a da, inda ƙafafunsa huɗu suka bar tabo a siminti. Ya kamata ta yi murna, tunda hankalinta lafiya lau. Murnar ta ƙi zuwa. Abin da ya zo shi ne baƙin ciki mai zafi da kunya, kunyar macen da gari duka ya san abin da ake yi mata ita kaɗai ce ba ta sani ba. Maigadi ya sani. Dattawan da take buɗe wa kabad suna ce mata sannu da aiki sun sani. Waɗanda suka fi kowa tafi ranar wa'azi, ƙila su ne suka kai ƙorafin.

Ta durƙusa don ta saba, amma addu'a ta ƙi fitowa. Duk karatunta na wahala a kan abin da ke faɗowa daga sama ne, mota, ciwo, rashi. Ba ta da ko kalma ɗaya da ta tanada don abin da ke zuwa daga benci ɗaya da kai, da murmushi, da sunan ƙauna. Daga ƙarshe ta ce da ƙarfi, "Ubangiji, ciwon na karɓa, ban ce komai ba. Wannan kuma fa? A gidanka? A kan kofinka?" Ba ta ji amsa ba. Ta tashi ta sauke agogon ta tura shi ƙarƙashin gado, yana can yana ta bugawa abinsa.

Washegari ta ce ba inda za ta. Wane Jibi za ta ci da mutanen da ke ƙyamar abin da ta taɓa? Ta ce haka tana wanka, ta ce haka tana shafa mai a hannu, ta ce haka tana ɗaura ɗankwali. Ƙarfe tara tana benci na uku. Ba ta je ta buɗe kabad ba, masu sabon mabuɗi sun buɗe da kansu. Fasto ya hango ta ya kawar da ido. Sista ta zo a makare, ta tsaya a bakin bencin tana jira, idanunta a kumbure. Mama ta matsa mata wuri ba tare da ta dube ta ba.

A ƙarshen taron sujada aka zo Jibi. Fasto ya karanta kalmomin da ake karantawa kowane wata, waɗanda Mama ta ji sau ɗaruruwa hankalinta na kan ko kofuna za su isa. Yau ta ji su. Ashe wannan cin tun farkonsa a ranar da aka ci amanar Almasihu aka kafa shi, kuma wanda ya ci amanar yana zaune a teburin, aboki ne, hannunsa na cikin kwano ɗaya da na Maigidan. Kuma Maigidan ya sani, ya miƙa masa rabonsa duk da haka. Ba ta ji sauƙi ba, amma ta ji ba ita kaɗai ba ce.

A majami'arsu tire kan bi benci hannu zuwa hannu, kowa ya ɗauki kofinsa ya riƙe, sai Fasto ya ce a sha, a rufe ido a sha tare. Da tiren ya iso wurin Mama ta ɗauki nata. Sannan ta sake sa yatsunta masu tsagu ta ɗauki na biyu, ta juya ta miƙa wa Sista. Ko ita kanta ba za ta iya cewa gafara ce ko gwaji ba, ƙila rabi da rabi ne.

"Karɓi, 'yar'uwa."

Na benci na huɗu suka miƙo wuya. Sista ta dubi kofin, ta dubi hannun, hawaye suka zubo mata. Ta karɓa. Yatsunsu suka taɓa juna.

Mama ta rufe ido ta sha nata. Aka yi waƙar rufewa, aka sa albarka, aka tashi. Sista ta matse mata kafaɗa ta fita da sauri.

Mama ta ɗauki tire ta fara tattarawa daga bencinsu. A jikin kowane benci akwai 'yan ramuka da ake ajiye kofi bayan an sha. Ta ɗauki nata. Ta kai hannu ga na Sista da ke kusa da shi, sai ta ji nauyi. A cike yake, ko ɗigo ba a taɓa ba.

Ta daɗe a tsaye da shi. Ta taga tana hango Sista a farfajiya tana gaisawa da mata, tana goge ido da bakin gyale, suna bubbuga bayanta. Abin da aka yi addu'a a kansa ba a zubarwa, Mama ta san wannan tun kafin a haifi Fasto. Ta ɗaga kofin ta shanye. Da ɗumi yake, ɗumin tafin hannun Sista, wadda ta damƙe shi tun daga addu'a har aka tashi amma ta kasa kai shi bakinta.

"Ubangiji, ka dai gani," in ji Mama a hankali.

Ta ajiye kofin a tire, ta wuce benci na gaba.